Kawo Sabuwar Kyanwa Gidan Da Ke Da Wasu Dabbobi: Hanyarsa Da Hukunce-hukuncensa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, kyanwa, wadda wasu ke kira mage, wasu kuliya, mutanen yamma su ce mussa, namijinta kuma muzuru, tana cikin dabbobin da suka fi daɗewa tare da mu a gidaje. Galibi buƙata ce ke sa a nemo ta. Ɓera ya addabi rumbu ko shago ko ɗakin girki, sai a roƙi 'yar kyanwa wurin maƙwabta, a sako ta cikin buhu, a zo a juye ta a tsakar gida. To amma tsakar gidan tana da masu ita. Akwai tsohuwar kyanwa da ta shekara tana mulkin wurin, ko karen gadi, ko kaza da 'yan tsakinta, ko tantabarun yaran gida. Abin da ke biyo baya sananne ne: baƙuwar ta tsallake katanga a daren farko, ko tsohuwar ta yi hijira, ko 'yan tsaki su fara raguwa ɗaya bayan ɗaya har magana ta kai ga sa'insa tsakanin maƙwabta.

Wannan rubutu bayani ne a kan yadda ake yin abin bisa tsari, da abin da malaman fiƙihu suka faɗa a kan mas'alolin da ke tasowa a cikinsa.

Halin kyanwa

Asalin kyanwar gida kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabbar da ke farauta ita kaɗai, tana kare yankinta daga 'yan'uwanta. Zamanta da mutum ya daɗe ƙwarai. A shekarar 2004 masu binciken kayan tarihi sun ba da rahoton wani kabari a tsibirin Ƙubrus da ke tekun Bahar Rum, mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne kyanwa kusa da mutum. Duk da wannan daɗewa ba ta bar halinta na asali ba. Kare dabbar garke ne, yana neman shugaba da abokan tafiya. Kyanwa wuri ta sani kafin ta san mutum. Inda ake ganin kyanwoyi da yawa suna zaune lafiya, kamar bayan mahauta ko kasuwar kifi, idan aka lura za a tarar mafi yawansu uwa ce da 'ya'yanta mata da jikokinta, kuma baƙuwar da ta shigo cikinsu kora take sha.

Abu na biyu shi ne hanci. Da wari kyanwa take tantance na gida da baƙo. Idan kun ga tana goga kumatunta a ƙafar gado, ko bakin ƙofa, ko ƙafar maigida, alama take sakawa, domin akwai wani maiƙo mai wari da ke fita daga kumatunta da goshinta da tafin ƙafarta, wanda hancinmu ba ya ji. Kyanwoyin gida ɗaya suna goga juna suna lasar juna har warinsu ya zama ɗaya. Duk wadda ta shigo da wani wari daban, a wurinsu ɓarauniya ce ta hauro. Shi ya sa wani lokaci kyanwar gida ma, idan ta kwana biyu a asibitin dabbobi ta dawo, 'yar'uwarta takan yi mata huci kamar ba ta taɓa ganinta ba.

Wanda ya fahimci waɗannan abubuwa biyu, wuri da wari, ya fahimci dalilin duk abin da za mu faɗa a ƙasa.

Kafin a kawo ta

Wanda ya ajiye dabba ya ɗauki nauyin cinta da shanta da lafiyarta. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda wata kyanwa da ta kulle har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci ba. Malamai sun fitar da abu biyu daga wannan hadisi: halaccin ajiye kyanwa, har ma da tsare ta, da kuma wajabcin ciyar da ita ga wanda ya tsare. Maganar da wasu ke yi cewa a bar ta da yunwa don ta fi kama ɓera ba ta da tushe. Ƙosasshiyar kyanwa ma tana farauta, don ɗabi'arta ce. Mayunwaciya kuwa tukunyar miya da akurkin kaji za ta fara nufa, sun fi ɓera sauƙin samu.

Sai a duba mutanen gida. Idan akwai mai ciwon asma da gashin kyanwa ke tayar masa, lafiyar mutum ita ce gaba. Idan gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya, irin waɗanda suka yi yawa a zangunan Kumasi da Ankara da unguwannin Yamai, a yi shawara da abokan zama, musamman masu kiwon kaji.

Wajen zaɓe, 'yar kyanwa ƙarama ta fi saurin karɓuwa wurin babba, domin ba ta zama barazana gare ta ba. Amma kada a raba ta da uwarta kafin ta cika mako 8, in da hali a bari ta kai 12. Wadda aka cire da wuri takan tashi da ciwo da tsoro da yawan cizo, saboda wurin uwa da 'yan'uwa take koyon iyakar wasa. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa wasu sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a wata tafiya, uwar ta zo tana kaɗa fukafukai, Manzon Allah Sallallahu Alaihi Wasallam ya yi inkarin tayar mata da hankali, ya sa aka mayar mata da su. Haɗin da ya fi kowanne wuya shi ne manyan muzurai biyu da ba a fiɗiye ba. Haka nan tsohuwar kyanwa da ƙarfinta ya ƙare, 'yar ƙarama mai yawan tsalle takan hana ta sakat.

Game da saye, Muslim ya ruwaito daga Jabir hani a kan kuɗin kare da na kyanwa. Ibn Hazmi ya ɗauki hanin a kan haramci, Ibnul Ƙayyim ma ya ƙarfafa wannan ra'ayi a Zadul Ma'ad. Jamhurin malamai, har da Malikiyya, sun halatta sayar da kyanwar gida mai amfani, Imam Nawawi ya bayyana cewa ana ɗaukar hanin a kan wadda ba ta da amfani, ko a kan karhanci, don mutane su saba da bayar da ita kyauta. Al'adarmu ta roƙon 'yar kyanwa wurin maƙwabci ta fitar da mu daga saɓanin tun asali, kuma ita muka fi so.

Ɗakin baƙuwa

Ba a kai amarya ɗakin uwargida a ce su sasanta kansu. Ɗakinta daban ne, ita uwargidan ma ana yi mata kayan faɗar kishiya. Mu yi wa dabba ko da rabin wannan hikima.

A tanadi ɗaki ɗaya mai ƙofa tun kafin baƙuwar ta iso, kuma kada ya zama ɗakin da tsohuwar ta saba kwana. A saka kwanon abinci, da kwanon ruwa, da kwali mai tsumma a ciki inda za ta ɓuya, da daro ko tire mai yashi a ɗaya kusurwar, nesa da abincin, domin kyanwa ba ta son cin abinci kusa da wurin bayan gidanta. A kula da zafi. Sito mai rufin kwano da ba taga, a watan Afrilu ko Mayu a ƙasashenmu na Sahel, tanda ne, kyanwa na iya mutuwa a ciki da rana ɗaya. Wanda ɗakinsa ɗaya ne ya nemi babban keji mai tsabta, ya sa a inuwa, ya rufe gefe uku da zane.

A ɗauko ta cikin kwando mai murfi ko kwali mai huji, a wuce da ita kai tsaye ɗakin ba tare da an nuna wa kowa ba. A buɗe, a fita, a rufe ƙofa. Za ta iya yini a ɓoye, wannan ba komai. A hana yara jawo ta daga maɓoyarta.

Wannan keɓewa ta kai kimanin mako biyu, saboda sabo da kuma lafiya. Kyanwar da aka tsinto ko aka karɓo tana iya zuwa da ƙuma, da tsutsar ciki, da makero, wanda ke kama yara ma, da murar kyanwoyi mai sa hawaye da atishawa, da wata cuta mai amai da zawo da ke kashe ƙanana cikin 'yan kwanaki. Wasu cututtukan kuma ta cizo da miyau suke wucewa daga kyanwa zuwa kyanwa. A kai ta wurin likitan dabbobi cikin kwanakin farko. Allurar rigakafin ƙanana tana farawa ne daga wajen mako 6 zuwa 9, ana maimaitawa bayan kowane mako 3 ko 4 har su kai wajen mako 16, ta ciwon haukan kare kuma daga wata 3.

Wannan ciwo na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma mafi yawan masu kamuwa ta cizon kare ne. Amma kyanwa ma tana ɗaukarsa, tana kuma bayarwa. Duk wanda baƙuwar kyanwa da ba a san tarihinta ba ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

Daga wari zuwa ido

Bayan kwana biyu ko uku, idan baƙuwar ta fara ci tana fitowa daga kwali, kuma ba a ga alamar makero ko mura a jikinta ba, sai a fara musayar wari. A sami tsumma mai tsabta a shafa a kumatunta, a kai a ajiye kusa da inda tsohuwar ke zama. Kada a tura mata a hanci, a bar ta ta je da kanta. A yi wa tsohuwar haka da wani tsumman a kai wa baƙuwar. Ranar farko za a iya jin huci. A ci gaba kullum har ya zama ta sansana ta wuce abinta. Wannan halin ko-in-kula shi ake nema.

Daga nan a riƙa ba su abinci a lokaci ɗaya, wannan a cikin ɗaki, wannan a waje, ƙofa a rufe tsakaninsu. A fara da nisa, kowace rana a ɗan matso da kwanonin. Manufar ita ce kowace ta riƙa jin warin ɗayar a daidai lokacin da take jin daɗi. Idan ɗaya ta ƙi ci, an matso da yawa, a ja baya. Wani lokaci kuma a rufe tsohuwar a wani ɗaki na awa ɗaya, a bar baƙuwar ta zaga gidan ta san lunguna da hanyoyin gudu.

Sai ganin ido. A buɗe ƙofar kamar faɗin yatsu biyu a tokare ta da dutse, ko a sa raga a bakin ƙofar. Minti kaɗan ya isa. Idan an yi haka kwanaki ba tashin hankali, a buɗe gaba ɗaya, babban mutum yana zaune a wurin, kuma a raba su tun ana lafiya, kada a jira sai an ɓata. Gajerun haɗuwa masu yawa sun fi doguwa ɗaya.

A koyi karanta jikinsu. Ɗan huci, ko mari ɗaya ba tare da fito da farce ba, sannan kowa ya kama gabansa, wannan shata iyaka ce, a ƙyale su. Amma idan kunnuwa suka kwanta baya, gashin baya da na wutsiya suka miƙe, ɗaya ta kafe ɗaya da ido tana gurnani mai tsawo tana takowa a hankali, faɗa ne ke tafe. A sa faifai ko kwali a tsakaninsu ya tsare ganin, a kora ɗaya ɗaki. Idan har sun kama, kada a sa hannu. A tafa da ƙarfi, ko a jefa musu bargo. Haƙorin kyanwa siriri ne, yana shiga da zurfi, bakin ciwon ya rufe da wuri, ƙwayar cuta ta zauna a ciki, shi ya sa cizonta a hannu yake saurin kumbura. Bayan faɗa a raba su kwana ɗaya ko biyu, a koma matakin da ya gabata. Duka ba ya gyara komai a nan, sai dai ya sa kyanwar ta haɗa zafin dukan da ganin 'yar'uwarta.

Mutane da yawa suna cewa a bar su su gwabza, wadda ta fi ƙarfi ta yi mulki, daga nan sai zaman lafiya. Muna ganin wannan kuskure ne ta fuskar sanin dabba da ta fuskar shari'a. Kyanwa tana riƙe tsoro, kuma mummunar haɗuwar farko tana iya ɓata tsakaninsu na watanni. Ta fuskar shari'a, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Ibn Abbas hani a kan zuga dabbobi su yi faɗa. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, Tirmizi da kansa ya nuna cewa ruwayar da ba ta ambaci sahabin ba ta fi inganci, amma ma'anarsa tana ƙarƙashin haramcin cutar da dabba ba da wani dalili ba, wanda babu saɓani a kansa. Wanda ya kulle dabbobi biyu a wuri ɗaya yana sane za su yayyaga juna bai yi nisa da mai zugawa ba, balle yaran da ke kewaye su suna shewa.

Tsawon lokacin ya danganta. Ƙanana biyu sukan saba cikin mako ɗaya. Manya sukan ɗauki makonni, wasu watanni. Kuma ba dole ne su zama aminai masu kwana wuri ɗaya ba. Idan kowace tana ci, tana barci, tana wucewa ta gaban ɗayar ba tare da fargaba ba, an yi nasara.

Akwai zaluncin da ba shi da hayaniya, shi ne ya fi ɓoyuwa ga masu gida. Ɗaya ta kwanta a bakin ƙofa ko kusa da kwanon ruwa kamar mai hutawa, irin kwanciyar da ta sa ake yi wa mage kirari da mai kwanciyar ɗaukar rai, ɗayar kuma ta kasa wucewa. Sai a ga waccan ta rame, ko tana fitsari a inda ba ta saba ba, ko ta koma kan katanga ba ta saukowa. Maganinsa a yawaita komai a kuma rarraba: kwano ga kowace a wurare daban-daban, ruwa a wuri biyu ko uku, daron yashi ɗaya ga kowace da ƙarin ɗaya idan a ɗaki suke kwana, da wuraren hawa, domin kyanwa tana samun natsuwa idan tana kallon ƙasa daga sama. Tsohuwar kuma kada a rage mata komai daga abin da ta saba, ita ake fara ba abinci. Alamu biyu ba sa jira: kyanwar da ta kwana biyu ba ta ci komai ba, domin hantarta na iya lalacewa, da muzurun da ke ta tsugunawa yana yunƙuri fitsari ba ya fita, domin toshewar mafitsara tana kashe shi cikin kwana biyu ko uku. Duka biyun a garzaya wurin likita.

Ba a barin baƙuwa ta fita waje sai ta yi mako uku ko huɗu a gidan, in ba haka ba tsohon gidanta za ta nema. Ranar farko a sake ta kafin lokacin abinci, yunwa za ta dawo da ita.

Idan kare ne a gidan

Hadisai sun tabbata a Bukhari da Muslim cewa ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum, sai karen farauta ko kiwo ko gona. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, a kan haka ya tafi a Risala. Masu sharhinta sun kawo cewa shi kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya, da aka tuna masa ra'ayin Imam Malik sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Da irin wannan malamai da dama suka yi ƙiyasin karen gadi idan akwai buƙata ta gaskiya.

Tsarin haɗa su ɗaya ne da na sama, sai dai haɗarin ya fi girma, domin girgiza ɗaya daga babban kare ta isa ta kashe 'yar kyanwa. A fara da wari. Ranar haɗuwa kare ya kasance a ɗaure, ya ci ya ƙoshi, wanda yake jin maganarsa yana riƙe da igiyar. Kyanwa kuwa a sake take, da wurin hawa kusa da ita. Kada a riƙe ta a hannu a miƙa wa kare ya sansana, mai riƙon ne zai sha yakushi. Idan karen ya dube ta ya kau da kai, a yaba masa a ba shi ɗan abu. Abin da ba a so ko sau ɗaya shi ne ta ruga ya bi ta, domin da ya ɗanɗana daɗin bi, hana shi sai an sha wuya. Karen farauta da aka horar a kan zomo da gafiya, wanda ke ƙamewa yana kafe ta da ido jikinsa na rawa, ba a amince masa da kyanwa ko bayan shekara. A ɗora abincin kyanwa a sama inda kare ba ya kaiwa.

Kaji, tantabaru da sauran ƙananan dabbobi

A nan babu maganar sabo, sai shinge. Babbar kaza da zakara da agwagwa galibi sun fi ƙarfin kyanwa, kaza mai 'ya'ya ma tana iya tsone wa ƙaramar kyanwa ido. Amma ɗan tsako, da ɗan shila, da ɗan zomo, da tsuntsun keji abinci ne a idonta, ko da tare suka tashi. A rufe 'yan tsaki a akurki mai ƙaramar raga har su yi girma. Ɗakin tantabaru a toshe duk hujin da kan kyanwa zai shiga, domin inda kanta ya wuce jikinta ma zai wuce, a kuma riƙa rufe shi da magariba. Muzuru ɗaya ya shiga da dare, ko bai ci da yawa ba, sauran tantabarun na iya watsewa su bar gidan. Keji a rataye shi inda ba abin takawa kusa. Tsuntsun da kyanwa ke kwana a ƙarƙashin kejinsa tana kallonsa yana cikin azaba ko ba ta taɓa shi ba. Ajiye tsuntsu halal ne, hadisin Anas a kan ƙanensa Abu Umair da ɗan tsuntsunsa dalili ne, amma wanda ya hana shi tashi shi ne zai tsare shi.

Idan kyanwarka ta ci kajin maƙwabci fa? Imam Nawawi ya kawo a Minhaj cewa kyanwar da aka san ta da ɓarnar tsuntsaye ko abinci, mai ita zai biya abin da ta ɓata, dare ko rana, a mafi ingancin zance, wadda kuwa ba a san ta da haka ba babu biya. Ke nan karon farko uzuri ne, amma daga ranar da aka kawo maka ƙara, tsare ta ya hau kanka.

Awaki da tumaki ba su da rigima da kyanwa. Abu ɗaya ne a kula da shi: kashinta na iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da ke sa tunkiya da akuya ɓari idan ta gurɓata dusa ko harawa, kuma tana iya cutar da ɗan tayin mace mai juna biyu. A rufe abincin dabbobi, a zubar da yashin daron kullum, domin ƙwayar ba ta zama mai kamawa sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar, kuma mai ciki ta bar wa wani wannan aiki.

Tsarki

Jikin kyanwa da miyaunta da sauran ruwan da ta sha masu tsarki ne. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, haka ma ma'abota Sunan, cewa Kabsha 'yar Ka'ab ta zuba wa surukinta Abu Ƙatada ruwan alwala, kyanwa ta zo, ya karkata mata ƙwaryar ta sha, da ya ga Kabsha tana mamaki ya sanar da ita cewa Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam ya kore najasa daga kyanwa, ya kuma lissafa ta cikin masu kai-kawo a cikin gida. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan an ga najasa a bakinta a lokacin da take sha, sai a yi hukunci da abin da aka gani. Imam Abu Hanifa ya karhanta sauran ruwanta.

Fitsarinta da kashinta kuwa najasa ne a wurin jamhuri. Wannan mas'ala tana yawan tasowa a makonnin farko, domin kyanwar da hankalinta ya tashi, tsohuwa ko baƙuwa, takan fesa fitsari a bango da labule da buhu, wani lokaci a kan darduma. A wanke da ruwa har launi da wari su gushe, a maimaita da sabulu, domin muddin tana jin warin za ta koma wurin. A riƙa naɗe abin salla ana ɗagawa, a rufe ɗakin da ake ajiye littattafai.

Mafi yawan wannan fesa da faɗan dare da yawon muzuru suna raguwa idan an fiɗiye shi. Macen kuma tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, cikinta kimanin kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, gida ya cika da abin da ba a iya ciyarwa. Malamai sun yi saɓani a kan fiɗiyar dabbobi. Risala ta halatta ta ga tumaki da awaki saboda gyaran nama, ta kawo hani a kan dawaki. Malaman Hanafiyya sun ambaci kyanwa da sunanta, suka ce babu laifi idan akwai amfani ko tunkuɗe cuta, daga cikin malaman wannan zamani kuma Shaikh Ibn Usaimin, wanda ya rasu a 2001, ya yi fatawa mai kama da haka. Abin da muke gani shi ne halacci idan likita ne zai yi da allurar barci. Dandaƙa irin ta gargajiya, ko ɗaure wa muzuru roba, azabtarwa ce.

A kiyayi magungunan gida. Paracetamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin permethrin, da ruwan wankan kaska na shanu, da fiya-fiya, duk suna sa ta farfaɗiya. Wanda ya kawo kyanwa don ɓera ya kwashe shinkafar ɓeran da ya zuba, domin tana iya ci, ko ta ci ɓeran da ya ci. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, madarar shanu kuma tana sa yawancin manya zawo.

Idan abin ya ƙi

Wani lokaci ana bin duk matakan nan, wata biyu, wata uku, amma kullum sai an ga jini, ko ɗaya ta ƙi saukowa daga rufi. To a raba musu gidan idan yana da faɗi, ko a nema wa baƙuwar wani gida da aka san za a riƙe ta. Abin da bai halatta ba shi ne a ɗaure ta a buhu a jefar a bola ko rijiya ko bakin titi, ko a yar da jarirai idonsu bai buɗe ba. Baƙar kyanwa ta fi kowace shan wannan wulaƙanci saboda camfin cewa mayya ce, alhali babu wani ingantaccen hadisi da ya ba launinta hukunci na daban.

A ɗaya ɓangaren ma akwai abin gyara. Maganar da ke yawo cewa son kyanwa yana cikin imani, malaman hadisi irin su Sagani da Mulla Ali Alƙari sun lissafa ta cikin ƙagaggun hadisai. Labarin kyanwa mai suna Mu'izza da yanke hannun riga saboda ita shi ma ba ya cikin littattafan hadisi da ake dogaro da su, kada a jingina shi ga Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam. Abin da ya tabbata ya wadatar: alkunyar Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, daga 'yar kyanwar da yake ɗauka ta samo asali, kuma masu tarihin Masar sun ambaci cewa Sarki Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su.

Wanda zai ba da kyanwar ga wani gida ya faɗi gaskiyar halinta, ko tana cin kaji, ko tana faɗa da 'yan'uwanta, ko an yi mata allura, ya kuma haɗa wa sabon mai ita da tsumman da ta saba kwana a kai. Allah ne Mafi sani.